Ranar da Maikuɗi Ya Dafa Ƙasa

A kasuwar Talatar Mafara, idan ka tambayi Maikuɗi mai kankana, mutum uku za a nuna maka. Idan ka ce Maikuɗi na Kanada, kowa ya san rumfarsa, can ƙarshen layin masu kayan gwari. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, ya haura sittin, kuma kullum da koriyar hula a kansa. Mutumin Morai ne. Bai taɓa zuwa Kanada ba. Iyakar tafiyarsa Gusau da Sakkwato, sai wani zuwa Kano da ya yi da lodin albasa, ya dawo ya ce ba ya ƙarawa.

Sunan ya samo asali ne tun yana ɗan sakandare a Mafara, lokacin da ake tsakiyar aikin madatsar ruwan Bakolori. An kawo musu wani Bature malamin lissafi, dogo, jajir, wanda sunansa ya gagari bakin ɗalibai, sai suka sa masa Malam Jatau. Daga wata jiha ta Kanada ya fito, Saskacuwan, ƙasar manoman alkama. Yakan ce da ya sauka Mafara ya ga fili ya miƙe har iyakar gani, sai ya ji kamar gida ya dawo, zafin ne kawai baƙo.

Malam Jatau ya zo da wata ƙwallo mai siffar ƙwai, da tsini gaba da baya. Da yamma yakan tara ɗalibai ya koya musu wasan garinsu. Mutum goma sha biyu ne kowane ɓangare. Ana ba ku dama uku ku ci yadi goma, ko da gudu da ƙwallon a hannu, ko da jifa. Idan kun ci, a sake ba ku wasu ukun, har ku kai ƙarshen fili. Idan kun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ke riƙe da ita kuwa, halal ne a cafke shi a kai shi ƙasa. Yawancin ɗalibai sun ɗauke shi haukan Turawa, suka koma wa tamaularsu. Maikuɗi ya tsaya.

Abin da ya kama shi ba wasan ba ne da farko. Wata safiya ce a cikin kaka, Malam Jatau ya shigo aji idanunsa sun kumbura, ya rubuta lissafi a allo ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Ɗalibai suka ɗauka rasuwa aka yi masa, har suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna yi masa ta'aziyya. Sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce babu wanda ya mutu. Ƙungiyar jiharsu ce, masu korayen riguna, aka ƙwace musu babban kofin ƙasar ana dab da tashi, ya ji a rediyo. Maikuɗi ya zauna yana kallon babban mutum mai digiri yana share hanci saboda wasa, ya ce a ransa lallai akwai wani abu a cikin lamarin nan. Tun daga ranar ya zama na masu kore. Ya shiga soyayyar ne ta ƙofar rashin nasara, shi ya sa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ya riƙa bin Malam Jatau yana kwasar labari. Ya ji labarin wani gajeren mai jifa da ake cewa bai kai tsawon wasan ba, amma ya shekara goma sha wani abu yana jan ragamar ƙungiyar. Ya ji na wani mai gudu da sai mutum uku sun taru suke kai shi ƙasa. Ya ji cewa ƙungiyar ba ta wani attajiri ba ce, ta jama'ar jihar ce, har Malam Jatau ya ce an yi zamanin da manomi kan kawo alkama a ba shi tikitin shiga kallo. Wannan ya fi komai zama a zuciyar ɗan manomi.

Daga nan rayuwa ta yi nata. Mahaifinsa ya rasu, ya bar makaranta ya koma Morai ya karɓi gona da ƙanne. Malam Jatau ya gama wa'adinsa ya tafi, ya bar masa ƙwallon, ita ma ta yi 'yan shekaru ta tsage, gara ta ƙarasa ta. Maikuɗi ya auri Adama, suka haifi 'yan biyu da wasu bayansu. Da damina gero da dawa, da rani shinkafa da kankana a filayen ban ruwa. Fiye da shekara talatin bai ji ko kalma ɗaya game da masu kore ba, amma a bakinsa gajeren mai jifan nan bai tsufa ba. A majalisa, idan matasa suka kaure da musun ƙungiyoyin Ingila da Sifen, sai ya gyara hula ya ce duk wannan wasan rawa ne, su je su ga inda maza ke karo.

"Baba Maikuɗi, wai ƙungiyar nan taka tana nan da rai kuwa?"

"Tana nan. Manoma ba su barin abinsu shi mutu."

Bai sani ba, zato yake yi. Wanda ya tabbatar masa shi ne Augustine, mai gidan kallon ƙwallo da cajin waya kusa da tashar Mafara. Wata Talata, bayan an tashi kasuwa, Maikuɗi ya shiga karɓar wayarsa, Augustine ya tsokane shi da maganar Kanada, sannan ya ce bari dai ya duba. Bai daɗe yana latsa waya ba ya juyo da ita. Ga fili, ga mutane makil, duk kore. Wasu daga cikin 'yan kallo sun fafe kankana sun kifa a kai kamar hular kwano.

Maikuɗi ya ƙura wa wayar ido. Can ya ce, "Ka gani ko? Na ce maka mutanena ne."

Tun daga nan, duk Talata Augustine kan zuba masa tsofaffin wasanni a waya. Ba a jere suke zuwa ba, wanda ya samu shi yake sawa, don haka Maikuɗi ya sha tarihin ƙungiyarsa a hargitse, kamar mai cin tuwo yana farawa da ƙanzo. Ya ga sun ɗauki kofi bayan dogon jira, ya yi ta murna shi kaɗai a gona kan abin da ya wuce da shekara ashirin da wani abu. Ya ji cewa gajeren mai jifansa ya zama kocin ƙungiyar bayan ya daina wasa, abin bai yi kyau ba, ya bar aikin, daga baya ya je wasu garuruwan ya ɗauki kofi da su. Ya ji kuma ya rasu. Ranar bai ci abincin rana ba.

Wasan da ya fi maimaitawa shi ne na wata shekara da masu kore suka riga suka ci kofi a ganin kowa, don abokan karawarsu sun ɓarar da bugun ƙarshe, har masu kore sun fara tsalle, sai alƙali ya ce sun yi yawa a fili, mutum goma sha uku maimakon sha biyu. Aka sake bugun, aka cinye su. Ba kuskuren ke burge Maikuɗi ba. Abin da ya biyo baya ne. Kocin da ke kula da ɓangaren masu tare bugu ya fito ya ce laifinsa ne, ya ƙi faɗar sunan ɗan wasan da ya yi yawa. Maikuɗi kan ce, "Wanga shi ne maigida. Mai jan mutane shi ka ɗaukar kunyarsu bisa kai nai." Bayan 'yan shekaru suka ɗauki kofin a cikin garinsu.

Da abin ya tsaya nan, da labarinsa bai wuce na dattijo mai wata baƙuwar sha'awa ba. Sai ga Fa'izu, wani matashin malamin wasanni daga Bakura, ƙasar Burmawa, wanda ya yi bautar ƙasa a Legas ya ga ana buga irin wasan, ya dawo da ƙwallon ƙwai biyu ya tara samari yana koya musu. Ya ji labarin dattijon Morai, ya zo kasuwa takanas, ya ajiye ƙwallo ɗaya a kan tulin kankana.

"Baba, an ce kai ne Kanada. To ga ta nan. Ni ina da yara, ba mu da abokan karawa. In Morai na da maza, mu zo. In kuma labari ne kawai, a faɗa mini in koma."

Maikuɗi ya ɗauki ƙwallon, yatsunsa suka nemo ɗinkin da kansu. Mutane sun taru, har masu awon tattasai sun bar mudu.

"Baburme, da dokar wa za mu yi? Ta Amurka mai dama huɗu, ko ta maza mai uku?"

"Wadda ka zaɓa, Baba."

"Sha biyu-biyu, dama uku. Ku zo Morai bayan an gama sussuka, kafin a sako ruwa."

Ya faɗa a gaban kasuwa, kuma magana a gaban kasuwa ba ta komawa ciki. Lokacin ma ƙanƙane ne. Da zarar an sako ruwan noman rani, kowane saurayi zai shige fadama, waɗanda ba su da fili su hau mota su tafi cin rani. Idan ba a yi wasan a wannan tsakanin ba, babu shi. Maikuɗi ya san gwiwoyinsa, ya san shekarunsa. Wasa ɗaya yake so ya gani da idonsa, na mutane masu jini, a ƙasarsu.

Ya zaɓi yashin wani rafi da ke ƙafewa bayan gari, don ko an faɗi ba a jin ciwo, tunda babu hular kwano babu sulke. Masu jifa da masu gudu ba su yi wuyar samu ba. Duk wanda ya tashi yana korar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa ya iya jifa da hoge, ya kuma iya gudu a kan kunya. Saura katanga, wato ƙartin da ke jeruwa a gaba su tare abokan karawa don mai jifa ya samu sarari. Nan Maikuɗi ya ga ai Allah ya riga ya gama masa, domin Morai na da 'yan kokawa, kuma babbansu surukinsa ne.

Sharhabilu, mijin 'yarsa Hussaina, ya yi suna daga Garbadu har Maradun. Tun da ya fara shiga fage ba a taɓa kada shi ba. Shekarun nan da hanyoyi suka lalace da tsoro, taron kokawa ya ja baya, shi da abokansa biyar suka zauna da ƙarfi a jiki babu inda za a kai shi. Da aka kira su suka zo da murna. Duk inda Sharhabilu ya sa ƙafa, nan sauran ke sawa.

Ranar gwajin farko, Maikuɗi ya jera su, ya ce kowa ya buɗe ƙafa, ya sunkuya, ya dafa yashi da hannu ɗaya yana fuskantar na gabansa. Babu wanda ya motsa. Suka dubi Sharhabilu, shi kuma ya dubi ƙasa. Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, ba ya iya musu da uban matarsa, don haka wani abokinsa, Kamilu, ya ari bakinsa.

"Baba, mu dafa ƙasa? Gaban abokin karo?"

"Awo. Haka aka farawa."

"Ai wanda ya dafa ƙasa ya sha kaye. Tun ba a kama ba mun hwaɗi ke nan."

"Ba kuna ɗibar ƙasa ku shafa ba in za ku shiga fage?"

"Ɗiba daban, dafawa daban, Baba."

Maikuɗi ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Wanda ya tsaya a miƙe, na ƙasa zai shigo masa ta ƙarƙashi ya tumɓuke shi kamar rogo. Ya ƙara da cewa a wasan nan kowa na faɗuwa, gwani ma yakan sha ƙasa sau goma kafin a tashi. Da ya sani da bai faɗi wannan ba. Sharhabilu ya durƙusa ya yi sallama cikin ladabi, ya ce akwai aikin da ya bari a gida. Sauran biyar suka bi bayansa. Aka bar Maikuɗi da masu korar tsuntsu bakwai, sirara kamar karan dawa.

Adama ta ji labari kafin ya iso gida. Ta ajiye masa fura, ta zauna gefe tana tsinar wake.

"Malam, kai ma dai. Mutum ya tara suna shekara da shekaru, ka ce shi zo shi zubar gaban Burmawa don ƙwallon da ba ta ko iya mirginawa daidai."

"Uwar 'yan biyu, ba zubarwa ba ne."

"Gare ka. Shi abin da ya mallaka ke nan. Gonarshi kaɗan ce, shanu ba nashi ba. In ya shiga kasuwa, bayan nan nashi da bai taɓa ƙasa ba shi aka gaidawa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya aika Hussaina da magana, ta dawo ta ce maigidanta ya ce a ba Baba haƙuri, ko rijiya Baba ya ce ya shiga zai shiga, amma ban da wannan. Ya nemi wasu ƙarti a ƙauyukan kusa, kowa ya ce idan Sharhabilu bai dafa ba, shi wane ne. Augustine ya ba shi shawara ya kira Fa'izu a ɗaga wasan zuwa baɗi.

"Baɗi ta Allah ce," in ji Maikuɗi. "Na ce su zo. Su zo."

Suka zo kuwa, da hantsi, cikin motar haya ɗaya da babura, don kowa na so ya koma gida da sauran rana. Mutanen Morai sun cika gaɓar rafin, mata daga nesa ƙarƙashin itatuwa, masu rake da masu ƙosai sun kafa sana'a. An ja layuka a yashi da toka. Fa'izu ya jera samarinsa goma sha biyu, ya ƙirga na Morai da ido, ya matso kusa ya rage murya.

"Baba, ko mu ara muku mutum biyu, a yi tara-tara? Ba wanda zai ce komai."

"Kowa zai ce. Jera yaranka."

Maikuɗi ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Augustine, ya tattare wando. Ya taka zuwa tsakiyar layi, inda babban ɗan katanga ke tsayawa, ya buɗe ƙafafu, ya sunkuya a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya dafa yashi da hannun dama. Saurayin Bakura da ke gabansa, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya waiga ya dubi malaminsa.

"Malam, ni ba ni ture tsoho."

"To ka tsaya nan har azahar," in ji Maikuɗi, kansa a sunkuye. "Ni dai na shirya."

Surutu ya ɗauke a gaɓa. Ana cikin haka Sharhabilu ya iso da abokansa. Da gangan ya makara, yana so ya tsaya a bayan taro ya yi kallo ba tare da sun haɗa ido ba. Amma mutane suka dare masa hanya kamar yadda suka saba, sai ga shi a gaba, ga surukinsa a tsakiyar fili. Ranar bai gaishe shi ba tukuna, kuma duk garin na kallo. A ƙasar nan yaro ba ya gaida babba a tsaye, balle suruki. Idan babban yana ƙasa kuwa, dole ka fi shi yin ƙasa.

Ya cire takalmi, ya tako cikin yashi, ya zube kusa da dattijon, gwiwa a ƙasa, hannu a ƙasa. Abokansa biyar suka zube a jere a gefensa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Kun tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya mai sunan tsohuwa, ta bar tarin?"

"Ta samu sauƙi, Baba."

"Madalla. Ya wajen su Malam babba? Ƙahwar tashi?"

"Da sauƙi."

"An gama sussuka? Dawa ta yi auki?"

"Mun gode Allah."

Har yau ana musu a Morai ko da niyya Maikuɗi ya yi, ko kuwa tashin ne ya gagare shi. Shi dai bai taɓa faɗa ba. Abin da kowa ya shaida shi ne bai bar kowa ba a gaisuwar nan. Ya tambayi kawunnan Sharhabilu na Garbadu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi gwaggonsa ta Jangebe. Ya tambayi bijimin huɗa da ya yi ɗingishi da damina. Ya juya kan Kamilu da sauran, kowa da gidansu. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, bai fasa ba. Dariya ta fara daga wajen mata, ta bi gaɓa ta zagayo.

Da ya ƙare, sai ya ɗan juyo da kai.

"Mijin Hussaina, tun ɗazu hannunka na ƙasa, ga Burmawa gabanka. Wa ya kada ka?"

Sharhabilu ya dubi hannunsa. Ya dubi ƙaton Bakura, wanda shi ma ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ba kowa, Baba."

"To. Ni kuma nan nike, ba ni tashi sai an karɓe ni. In ba a karɓe ni ba, wanga yaro shi ture ni, ku ɗauke ni ku kai ma uwar 'yan biyu."

Sharhabilu ya ce, a hankali, yadda na kusa kawai suka ji, "Tashi, Baba. Na karɓe ka."

Sai da mutum biyu suka kama shi ya miƙe. Aka zaunar da shi a kan turmin da wata ta kawo, ya ƙirga 'yan wasansa da yatsa, ya ga sun zama sha uku, ya fitar da ɗaya daga masu korar tsuntsu ya ce ya jira canji. Fa'izu ya busa usur.

Kada a yi ƙarya, wasan bai yi kyau ba. Ƙwallo ta fi zama a yashi fiye da hannu. Wani ɗan Morai ya cafe ta ya ruga ta inda ya fito, sai da 'yan'uwansa suka tare shi. 'Yan kokawa sukan manta da ƙwallon gaba ɗaya su tsaya neman kaye. Maikuɗi na kan turmi yana ta ba da umarnin da babu mai ji, fuskarsa kamar ta ango.

Ba a daɗe ba abin da ake tsoro ya faru. Sharhabilu ya ɗago da wuri, ƙaton Bakura ya shigo masa ta ƙasa, wani ya ƙara ta gefe, sai ga shi rigingine, bayansa shafe da yashi. Wani makaɗi da ya zo da ganga don kansa ya tsaya da gula a sama. Daga ɓangaren baƙi wani ya ce, "Yau dai mun ga cibiyar Morai ta kalli rana." Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya yi shiru.

Sharhabilu ya ɗan jima a kwance yana kallon sama. Wanda ya kada shi ne ya miƙo masa hannu, don haka Fa'izu ya koya musu. Ya dubi hannun kamar bai san amfaninsa ba, sannan ya kama, ya tashi. Bai karkaɗe jikinsa ba. Ya koma layi, ya sunkuya, ya dafa ƙasa tun kafin kowa. A karon da ya biyo baya ya kwashi ƙaton nan ya yi gaba da shi kamar buhun ƙaiƙayi, wani siririn mai korar tsuntsu ya bi ta ɓarakar da ya buɗe, bai tsaya ba sai ƙarshen fili. Gaɓar rafi ta ɗauka. Makaɗi ya sauke gularsa a kan ganga.

Bakura ce ta ci, da rata mai yawa, don sun fi sanin abin da suke yi. Fa'izu ya zo ya durƙusa gaban turmi ya ce ƙwallon ta zama ta Morai. Aka yanka wa baƙi rake, suka kama hanya tun rana na sama.

Washegari Maikuɗi bai iya zuwa gona ba. Yana zaune a tsakar gida ya miƙe ƙafafu, Adama na shafa masa man zafi tana faɗa, sai ga Hussaina ta yi sallama da goyo. Ta gaida su, ta zauna, ta yi ta juya bakin zane.

"Ya maigidan naki ya kwana?" in ji Adama. "Ya ci abinci dai?"

"Ya ci, Inna. Kwano biyu. Da sahe ya tahi kasuwar ƙauye, wai har wani ya tsokane shi, shi kuma yac ce mishi in ya isa shi zo yashi." Ta juya wajen mahaifinta. "Baba, cewa ya yi in tambaye ka. Wai mi ya sa anka tumɓuke shi? Ya ce ya fi yaron nan ƙarfi, ya ji a jikinshi."

Maikuɗi ya janye ƙafarsa daga hannun Adama, ya gyara zama.

"Ya fi shi. Ki ce mishi gaggawa ya yi, ya ɗaga ƙirji tun bai taka ba. Kuma ƙahwarshi ta hagu ta cika yin gaba. Shi ja ta baya kamar taki guda, shi bar kai ƙasa har sai ya ji kahwaɗarshi ta shiga cikin mutum."

"Ta hagu, baya. Kai ƙasa."

"In bai gane ba, shi zo bayan la'asar in gwada mishi."

"Wa zai gwada?" in ji Adama. "Kai da ko buta sai an miƙo maka? Ki ce mishi shi zo da Kamilu. Wanga daga zaune zai yi bayani."